Uwar da Kika Samo a Duwatsun Gwatemala

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji, tare da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da mutanen gidan da kike zaune. Mu nan unguwar Jamaica ta Queens, a New York, muna lafiya, sai godiya. Sanyi ya fara shigowa. Aikin asibiti yana nan yadda kika bar shi, ciwon ƙafafuna ma haka. Gwaggonki Ladi tana gaishe ki daga unguwar Park Hill.

Za ki yi mamaki da kika ga na rubuto da Hausa. Da gangan na yi. Inda kalma ta gagare ki, ki karanta da ƙarfi. Kunnenki ya san abin da idonki bai sani ba.

Yau wata bakwai ke nan da tafiyarki, sati shida kuma tun ranar da na kife miki waya. Ba ki sake kira ba, ban kuma ga laifinki ba. Ba ni da lambar da zan neme ki, sai adireshin makarantar nan ta koyon Sifaniyanci a garin Shela, inda kika ce kina leƙawa duba wasiƙa duk sanda kuka sauko daga dutse. Can zan aika wannan. Amma kafin in rufe ambulan zan karanta ta a gaban matan zumuntar cocinmu ranar Asabar, domin su ma na yi musu laifi. Na gaya musu makaranta ce ta tura ki kwas. Bakina ya kasa furta cewa 'yata ta goya jaka ta tafi yawon duniya. Kin san yadda wannan magana take sauka a kunnen Bahaushe idan mace ake nufi.

Bari in ɗauko zancen daga inda ya fara yi mini ciwo.

Shekara biyu ina tara hutuna, ban taɓa ko kwana ɗaya ba, don in kai ki gida da zarar kin gama jami'a. Rabonki da Wusasa tun kina 'yar shekara shida. Kakarki idonta ya fara dushewa, kuma duk wasiƙar da ta sa aka rubuto mini ƙarshenta ɗaya ne: a kawo mini yarinyar nan in shafa fuskarta. Na gaya miki muna cin abinci, ina ta murna. Kika amsa mini da Turanci, kamar kullum, cewa ke ba za ki iya ba. Ba ki iya yaren ba, dariya za su yi miki. Babu wuta, babu ruwan famfo, cikinki ba zai ɗauki abincin ba. Na ce a raina, 'yar Amurka ce, ba ita ta kawo kanta ba, mu muka kawo ta.

Ba a yi wata biyu ba na dawo daga aiki na tarar kin shimfiɗa taswira a kan teburin nan dai, kin danne gefe ɗaya da kwalbar manja, gefe ɗaya da kwanon gishiri. Ga wani littafin matafiya mai kaurin bulo, duk kin cusa masa 'yan takardu. Ga jakar goyo ta gwanjo jingine da firji. Kika ɗora yatsa a kudancin Meziko kika gangaro da shi har Gwatemala, kina kira mini sunayen tsofaffin garuruwan da Sifaniyawa suka gina zamanin da suka mallaki ƙasashen, da ƙauyukan mutanen Maya a kan duwatsu. Ke kaɗai za ki. Ba kamfani, ba ɗan jagora, sai ɗan abin da kika tara a aikin kantin littattafai.

Na tambaye ki ko kin iya yarensu. Kika ce za ki koya. Na ce akwai wuta da ruwan famfo? Kika yi dariya kika ce, "Momi, ai daɗin abin ke nan."

Ke kin ɗauka tsoro ne ya sa na tashi na shige ɗaki. Akwai tsoron. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk dalilan da kika ba ni na ƙin garinmu, su ne kika ɗauka kika mai da su dalilan son garin wasu.

Ranar da na raka ki filin jirgin sama na JFK, ta ko'ina iyaye suna rungume 'ya'yansu. Ni na cusa miki ƙullin yaji da man zafi a aljihun jaka, na ce ki riƙa tafasa ruwa kafin ki sha. Kin tsaya kina jira. Na ga kina jira. Na gyara miki igiyar jaka kawai, na ce Allah ya kiyaye hanya. Da kika juya, jakar ta rufe ki ruf, ba a ganin komai sai ita da 'yan ƙafafunki.

Daga nan katuna masu hoto suka fara zuwa.

Na farko daga San Kiristobal. Wani coci mai launin rawaya, da mata zaune a bakinsa da ƙunshin kaya. A baya kin rubuta cewa gado shida ne a ɗakin da kike kwana, ke da 'yan mata daga ƙasashen da ban ma san inda suke ba, kuma da bokiti kike wanka. Ke! Ke da kika hau kan kujera kina ihu saboda kyankyaso ɗaya a kicin ɗinmu, har maƙwabta suka buga ƙofa.

Sai wanda kika aiko bayan kin tsallaka iyaka. Kin ce motocin haya a can tsofaffin bas-bas ne na 'yan makarantar Amurka, an sayo su an yi musu fenti ja da kore da shuɗi. Mutum uku a kujerar yara biyu, kaji a ƙarƙashin ƙafa, buhunan masara a sama, kwandasta yana hawa rufi mota tana gudu. Wata mata ta ɗora miki jaririnta a cinya ba ta ko tambaye ki ba, ya yi barci a jikinki har aka isa. Kin rubuta wannan kamar kin gano wata sabuwar duniya. Rifkatu, wannan ai motar kasuwar Giwa ce. A cikin irinta na girma. Da kin bi ni gida, da kin shige ta kyauta, da kuma jaririn da za a ɗora miki ɗan 'yar'uwarki ne.

Sai Antigwa. Shi na fi daɗewa ina kallo. Titunan da aka shimfiɗa da duwatsu, gidaje gajeru masu kauri kowanne da launinsa, wani ƙaton dutse mai aman wuta a ƙarshen titi kamar an dasa shi don ya tsare garin. Kin ce akwai coci-coci da girgizar ƙasa ta rushe tun zamanin da, an bar su a haka, ciyawa ta fito a inda bagade yake, kuma kin zauna a cikin ɗaya yini guda kina kallon sama ta inda rufi ya faɗi. Yini guda, ba don komai ba.

A nan zan faɗa miki gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na yi kishinki ke kanki. Ni ban taɓa zuwa wani wuri don in kalla kawai ba. Daga gida na tafi makarantar nas don in sami aiki. Daga Kano na hau jirgi don in bi babanki. Shekara goma sha shida a New York, abin da na sani shi ne tashar jirgin ƙasa, da asibiti, da coci, da kantin da ake sayar da doya. Gunkin matar nan mai riƙe da fitila da duniya ke zuwa gani, ni daga jirgin ruwa nake hango ta in za ni gidan Ladi, galibi ma ina gyangyaɗi. Sai ga 'yata tana zaune a cikin rusasshen coci tana kallon gajimare. Na manna katin a jikin firji, na cire, na sake mannawa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Kishin gari ba ya hana cin abinci.

Sati uku babu kati. Na fara tsayawa a bakin akwatin wasiƙa da kayan aiki a jikina. Da saƙo ya zo, ba kati ba ne, doguwar wasiƙa ce, kuma ban ga sunan gari ko ɗaya a cikinta ba. Sunan mace ɗaya ne daga farko har ƙarshe.

Kin ce a wata kasuwar kan dutse ciwo ya kama ki, amai da gudawa da zazzaɓi, har kika zube a gefen wata mai sayar da kayan saƙa. Ita ta tattara kayanta tun kasuwa ba ta watse ba, ta sa aka ɗora ki a bayan akori-kura aka kai ki ƙauyensu. Kwana tara kina kwance a kan gadonta, ita tana kan tabarma. Ta ba ki kunun masara da cokali. Ta dafa miki ganyaye. Ta shigar da ke wani ɗan ɗakin ƙasa na sirace, ta gasa miki jiki har zazzaɓin ya sauka. Kin ce sunanta Katarina, amma kowa Nan Katarina yake ce mata, domin a yarensu "nan" shi ne uwa.

Na karanta wannan a tsaye. Shekara kusan talatin ina jinyar 'ya'yan mutane. Na san yawan gishiri da sukarin da ake zuba wa ruwa ko da idona a rufe. Na san jijiyar da ake nema a hannun da ya bushe. Ranar da 'yata tilo ta buƙaci nas, wata ce can da ba ta san ko sunan ciwon ba ta zauna a kanki, ni kuwa ina nan ina juya wani tsoho da ba ya ko gane ni. Ya kamata in durƙusa in gode wa Allah. Na gode, ba zan ce ban gode ba. Amma godiyar da ɗaci ta fito.

Da kika warke ba ki ci gaba da tafiyar ba. Sauran garuruwan da ke kan taswira kika bar su, kika zauna a gidanta.

Kin rubuto cewa tun asuba kuke tashi ku kai jiƙaƙƙiyar masara inji, ku dawo ku yi ta tafa ƙullun a tafin hannu kuna gasawa a kan tanda, kuma wai ƙullun ma "masa" suke ce masa, ba abin mamaki ba ne? Ban yi mamaki ba, haushi na ji. Sau nawa na kira ki ki zo ki riƙe muciya? Kin tuna kina aji huɗu, kika dawo da tuwon masarar da na ƙunsa miki ba ki taɓa ba, kika ce yara sun ce yana wari, daga ranar sai burodi da man gyaɗa? Yanzu masara safe, rana, dare, kuma kin ce ba ki taɓa cin abin da ya kai ta daɗi ba.

Kin rubuto cewa tana koya miki saƙa, ana ɗaura bakin zaren a jikin ginshiƙi, ɗaya bakin a ƙugu, mutum ya durƙusa har gwiwa ta mutu. Kakarki masaƙiya ce, Rifkatu. Gwadon da kika lulluɓa da shi tun kina jaririya har kika shiga sakandare, hannunta ne. Ba ki taɓa tambayata wa ya saƙa shi ba.

Sai ƙunshin nan ya zo, da hoto da ɗan ƙyalle.

A hoton kina zaune a ƙasa, sanye da irin rigarsu mai ado ja da shunayya. Ita tana bayanki a kan 'yar kujera, 'yar ƙaramar mace, ba ta kai kafaɗarki ba. Hannuwanta biyu suna cikin gashinki, tana kitsa miki shi da jan ƙyalle. Kin jingina kanki da gwiwarta, idonki a lumshe. Rabon da in taɓa kanki tun kina 'yar sha biyu, ranar da kika ce kitsona yana sa a kalle ki a makaranta, kika roƙi babanki, Allah ya ji ƙansa, ya kai ki shagon da ake miƙar da gashi. Na kife hoton a cikin durowar cokula.

Ƙyallen kuma, wanda kika ce shi ne na farko da kika saƙa da hannunki, sati uku kina kansa, don ni. Zan faɗa, tunda na ce gaskiya zan faɗa. Na mai da shi tsumman sauke tukunya. Kwana huɗu ina ɗaukar tukunya da shi, har gefe ɗaya ya kama wuta. Da na ga baƙin ƙunar sai na zauna a ƙasan kicin ina riƙe da shi. Zaren gefen a karkace yake, wani wuri ya matse, wani wuri ya saki. Ana ganin inda kika gaji, ana ganin inda kika fara iyawa. Na wanke shi. Ƙunar ba ta fita ba.

A cikin wannan hali nake ranar Lahadin da waya ta yi ƙara, na dawo daga coci ko ɗankwali ban cire ba. Muryarki can nesa, tana zuwa tana yankewa. Kin ce kun yi awa biyu a mota kafin ku iso ofishin tarho, kuma akwai mai son gaishe ni. Kafin in ce wani abu na ji numfashin wata, sai wata siririyar murya ta ce a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai tsallake rafi a kan duwatsu:

"Sannu, Mama. 'Yarki tana lafiya. Na gode."

Da Hausa. Na ji dariyarki a bayanta, kina tafa mata.

Rifkatu, shekara goma sha shida ina yi miki Hausa kina mayar mini da Turanci. Na riga na haƙura, na ce harshen ya mutu a bakinki. Ashe yana nan. Ashe kina da shi har da na rabawa. Kika zauna da wata, kika yi haƙuri da ita, kika maimaita mata har ta iya, abin da ba ki taɓa buɗe baki kika ba ni ba ko sau ɗaya. Da kika karɓi wayar kina tambaya ko na ji, abin da na ce miki kin san shi. Na ce, "Tunda kin sami uwa a can, sai ki zauna." Na kife.

Ban amsa gaisuwar baiwar Allah ba. Mace ta bar aikinta, ta shiga mota awa biyu, ta haddace yaren da ba ta taɓa ji ba, na bar ta riƙe da gaisuwarta. A garinmu ko maƙiyinka ya yi maka sallama kana amsawa.

Asabar ɗin da ta biyo baya na haye ruwa na tafi wurin Ladi, ina neman wanda zai ce ina da gaskiya. Kin san gwaggonki. Ta saurare ni tana gyaran alayyahu, ba ta ɗago ba sai da na gama. Sannan ta ce, "Talatu, yarinyar ta koya wa matar Hausa ko? To ita a bakin wa ta ji?" Ta ƙara da cewa, "Sa'annan 'yarki' ta koya mata ta ce. Ba ta koya mata 'yata ba." Na ce ai ni ba a nan abin yake mini ciwo ba. Ta ajiye wuƙar ta ce, "Na san inda yake miki ciwo. Matar nan tana yin abin da ke kika hana kanki. Kin kawo alkunya ƙasar da ba a san ta ba, kin ɗora wa yarinya, kina jira ta gane."

Wannan maganar ce nake so in warware miki, don ban taɓa yi ba.

Ke 'yar fari ce. Yadda aka rene mu, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa. Ba ƙi ba ne. Kunya ce, kuma kowa a gida ya san ma'anarta. A can, abin da uwa ta riƙe, kaka da gwaggo da inna su suke zuba wa yaro har ya yi masa yawa. Ni ma haka aka yi mini, ban taɓa jin an rage ni da komai ba, domin gidan cike yake da hannuwa. Na ɗauko rabin al'adar na kawo ta ɗaki biyu da falo a Queens, na baro ɗaya rabin a Wusasa. Babanki shi ne yake cike gurbin. Da ya rasu, sai ya rage daga ni sai ke, da "ke" ɗin da nake kiranki da shi.

Kina 'yar sha biyar kika taɓa tsayawa a bakin ƙofar kicin kika ce, "Momi, kin ma san sunana kuwa?" Na ce ki wuce ki ba ni wuri. Ni na zaɓa miki shi. In ban da fom ɗin makaranta da na asibiti, wannan takarda ce ta farko da na rubuta shi da hannuna, kuma kin ga sai maimaita shi nake yi.

Akwai wata Rosa da ke shara da goge-goge a sashenmu, shekara biyar muna gaisawa ban san 'yar Gwatemala ba ce sai kwanan nan. Na ciro hoton daga durowa na kai mata lokacin hutun rana. Nufina ta ce mini irin matan nan suna yi wa baƙi haka don a sayi kayansu. Ta goge hannu a jikin riga kafin ta karɓa. Ta daɗe tana kallo. Ta ce daga adon rigar kaɗai ta san yankin, kowane ƙauye da nasa. Sannan ta ce, da ɗan Turancinta, wannan rigar da ke jikinki ba ta kasuwa ba ce. Irin wadda uwa ke shafe watanni tana saƙa wa 'yarta ce, kuma ba a ba baƙo ita haka kawai. Ta tambaye ni, "Ina mai rigar?"

Ban sani ba. Na dawo gida na ɗauko doguwar wasiƙarki, wadda haushi ya sa na tsallake shafinta na uku, na karanta. Amsar tana nan, kin rubuta mini tun tuni. Nan Katarina tana da 'ya guda, sa'arki. Bayan yaƙin da aka yi a ƙasarsu ya cinye mata miji, yarinyar ta bi masu tahowa arewa neman aiki. Ta aiko da saƙo sau biyu. Na ƙarshen daga New York ya fito, shekara huɗu da suka wuce. Daga nan shiru.

Na ajiye takardar na je taga na tsaya. Mutane suna ta fitowa daga tasha, 'yan mata gajeru masu baƙin gashi, da jakunkunan aiki, irin waɗanda nake gogayya da su a jirgi kowace safiya ban taɓa kallon fuskarsu ba. Ashe duk lokacin da nake cewa wata ta ƙwace mini 'ya, garin da nake zaune ne ya haɗiye tata. Kuma da ta ji daga inda kika fito, ba ta riƙe ki da shi ba. Gadonta ta ba ki.

Na kuma tuna wata tsohuwa a Wusasa, tawa uwar, da tata 'yar ta tafi arewacin duniya neman aiki, shekara tara ba ta taka gida ba, tana jira sai ta sami wadda za ta raka ta. Na je na cike takardar hutu. Bayan Kirsimeti zan tafi, ko da ke ko ba ke. Ba don in ɗaure ki na faɗa ba. In kin zo, kin zo.

Kada ki ɗauka na zama waliyiya. Kishin yana nan. Jiya ma na kalli hoton, na ga yadda kika saki wuyanki a gwiwarta, na ji abin ya sake taso mini. Wataƙila ba zai tafi ba sai na ga kanki a tawa gwiwar, wataƙila ko a lokacin ba zai tafi duka ba. Ina kishinta, ina kishin duwatsun, ina kishin har motar kajin da ta ga dariyarki. Amma na daina bari kishin ya yi magana da bakina.

Ga saƙo, ki kai mata. Ki fassara daidai, kada ki gyara mini. Ki ce uwar Rifkatu ta ce, yauwa, sannu kadai, ta ji gaisuwa, ta amsa, ta kuma nemi gafarar jinkiri. Ki ce na ga aikin hannunta a jikin 'yata, ni ma'aikaciyar jinya ce, na san aiki mai kyau in na gan shi.

Sannan ki zauna da ita ki karɓo mini cikakken sunan yarinyar, da shekarunta, da hotonta in akwai, da ambulan ɗin saƙon ƙarshe ko da hatimin gidan waya ne kawai ya rage a jiki. Rosa ta ce ta san coci-cocin da mutanensu ke taruwa, da wuraren ɗinki da na wanki inda 'yan matansu ke aiki. Matan zumunta kuma, da kuke jin wannan yanzu, rabinku a asibitoci kuke, kun san yadda ake tambaya. Ban yi alkawarin za mu same ta ba, garin nan teku ne. Amma ina da ranar Alhamis babu aiki, kuma ƙafafun nan da ke ciwo ba su mutu ba tukuna. Ki gaya mata ta riƙe mini tawa da kyau, ni kuma zan fita neman tata.

Ubangiji ya tsare ki a hawa da gangara. Ya tsare direban da zai ɗauke ki, da ruwan da za ki sha, da gadon da za ki kwanta. Ya albarkaci hannun da ya ba ki kunu ranar da nawa bai kai ba. Ya buɗe mana hanya zuwa ga yarinyar nan, ya sa tana raye, ya sa uwarta ta ji muryarta. Ni kuma ya yafe mini, ya sassauta mini zuciya, ya ba ni bakin faɗin abin da ke cikinta tun ina da sauran lokaci. Amin.

Ki sa rigar sanyi, an ce duwatsun nan ba su da wasa.

Ni ce mahaifiyarki, wadda ta yi naƙudarki kwana biyu,
Talatu